Ƙaramin kare daga gidan riƙo ko daga matsugunin dabbobi, wanne ya fi maka?

Idan ka gama yanke shawara cewa ƙaramin kare kake so, irin ɗan nan da bai wuce kilo biyu zuwa takwas ba, kuma wanda aka ceto kake nema ba wanda aka haifa don sayarwa ba, to galibi hanya biyu ce a gabanka. Ko dai ka je matsugunin dabbobi, wato babban gidan da ake tara karnukan da aka tsinta ko waɗanda masu su suka kawo saboda sun kasa riƙe su, ka zaga keji keji ka zaɓa. Ko kuma ka bi ta ƙungiyar ceto wadda ita bata da gini, sai dai ta rarraba karnukan ga masu sa kai, kowa ya riƙe ɗaya ko biyu a gidansa kamar nasa har a samu wanda zai ɗauka na dindindin. Wannan na biyun shi nake kira gidan riƙo. Na bi hanyoyin biyu duka, kuma ni dai na fi karkata ga gidan riƙo, amma fa ba ga kowa ba, shi yasa nake so in baje maka komai ka duba da kanka.

Babban abin da gidan riƙo yake baka shi ne labari. Akwai mutum da ya kwana ya tashi da karen nan sati uku, sati shida, wani lokacin ma wata da watanni, ya san ƙarfe nawa yake tashi, ya san ko yana fitsari a ɗaki, ya san me yake yi in an ƙwanƙwasa ƙofa, ya ga yadda yake da kyanwa da yara da baƙi, ya san ko yana amai a mota. A matsuguni kuwa ma'aikata na iya ƙoƙarinsu sosai wallahi, ni ban taɓa raina aikinsu ba, amma mutum ɗaya ne zai kula da karnuka da yawa, wanki da shara da ba da abinci da magani, lokacin da zai zauna da kare guda bai taka kara ya karya ba. Kuma karen da ke cikin keji ba shi ne karen da za ka gani a falonka ba. Wurin akwai hayaniya, haushi ta ko'ina, wari kala kala, ƙofofin ƙarfe na ta ƙara, ƙaramin kare da kansa bai kai tafin hannunka ba yana jin haushin manya ta kowane gefe dare da rana. Wani sai ya maƙale a lungu yana rawar jiki ka ɗauka shiru shiru ne, sai ya yi sati biyu a gidanka ya saki jiki ka ga ashe ɗan rigima ne mai tsalle kan kujeru. Wani kuma a keji yana ta haushi yana yage baki har ka ji tsoron miƙa hannu, alhali tsoro ne kawai ke cinsa, da zarar ya fita wurin ya zama wani daban.

Karyar da nake tare da ita yanzu daga gidan riƙo ta zo, jinsin Chihuahua ce da aka gauraya da wani abu, likita ya ƙiyasta shekararta shida lokacin. Matar da ta riƙe ta sati bakwai ta zaunar da ni ta faɗa min komai: bata son a ɗauke ta ta sama ba zato, sai dai ka durƙusa ka bari ta zo, in ta ga tsintsiya a hannun mutum ƙarƙashin gado take shigewa, bata cin abinci in ana kallonta, kuma tana iya riƙe fitsari awa biyar zuwa shida da rana amma kada in wuce haka. Duk abin da ta faɗa haka na tarar. Maganar tsintsiyar nan kaɗai ta cece ni daga kuskure babba, don da ban sani ba da ranar farko zan hau shara a gabanta in ƙara mata tsoro a kan wanda take ciki. Wanda na taɓa ɗauka daga matsuguni shekarun baya kuwa, abin da ke jikin katinsa bai wuce jinsi da kimanin shekaru da ranar da aka tsince shi ba, sauran duk ni na gano da kaina a hankali, kuma na so shi ƙwarai, amma watannin farko sun yi wuya gare ni da shi.

To amma kada ka ɗauki maganar mai riƙo kamar yankan wuƙa. Gidansa ba gidanka bane. Yawancin masu riƙo suna da nasu karnuka, kuma akasari akwai mai zama a gida kusan kullum, don haka kare zai iya zama lafiya lau a can saboda bai taɓa kaɗaici ba, sai ya zo wurinka kai da kake fita aiki tun safe ya tsinci kansa shi kaɗai a karon farko, ya hau kuka da haushi da kartar ƙofa har maƙwabta su fara magana. Mai riƙon bai yi maka ƙarya ba, bai gani bane kawai. Haka maganar fitsari, wanda ke da tsakar gida a buɗe kare na fita duk sanda ya ga dama zai ce maka ai ya iya, kai kuma a hawa na huɗu kake sai an sauko da shi. Sannan akwai son zuciya irin na mai ƙauna, mutum ya shaƙu da dabba yana so ta samu gida, sai ya riƙa sassauta magana. In ka ji an ce “mutum ɗaya yake so” to mai yiwuwa yana gurnani in wani ya matso kusa da wanda ya zaɓa. “Yana da kunya” na iya nufin yana ɓuya kwana uku in baƙo ya shigo. “Yana son abincinsa” wani lokacin ma'anarsa kada ka kuskura ka taɓa kwanonsa yana ci.

Shi yasa tambayar “yana da kirki?” bata da amfani, kowa zai ce eh. Ka tambayi abin da ya faru. Awa nawa mafi tsawo da aka taɓa barinsa shi kaɗai ba mutum ba wani kare, kuma me aka tarar da aka dawo? Yaushe ne na ƙarshe da ya yi fitsari ko kashi a cikin ɗaki? Ya taɓa kai wa wani cizo ko da bai fasa fata ba, kuma me ake yi a lokacin? Ina yake kwana? Yana yarda a taɓa ƙafarsa da bakinsa da kunnensa? Yaran da aka ce ya saba da su shekarunsu nawa, don ɗan shekara goma sha biyu daban ɗan shekara biyu daban. Ka roƙi bidiyo, na lokacin cin abinci da na lokacin da wani ya shigo gida, mai riƙo na gaskiya daɗi ma yake ji in an yi masa irin waɗannan tambayoyin don ya san da gaske kake. A matsuguni ma ka yi tambaya, musamman ka nemi masu sa kai da ke fita da karnukan yawo, sau da yawa su suka fi kowa sanin halin kowane ɗaya, kuma ka roƙa a fito maka da karen wani wuri mara hayaniya ku zauna ko da minti talatin ne, in da hali ka dawo wata rana ka sake ganinsa.

Inda matsuguni ya fi shi ne sauri da zaɓi. Rana ɗaya za ka ga karnuka da dama ido da ido, wasu wuraren ma in takardunka sun cika ranar za ka tafi da shi. Gidan riƙo kuwa sai ka yi haƙuri. Za ka cike fom mai tsawo, a kira ka a waya a yi maka tambayoyi, wasu su zo duba gidan ko su ce ka zaga da su ta bidiyo, su tambayi takardar mai gida in haya kake, su nemi lambar likitan dabbobin da ka taɓa hulɗa da shi, sannan a sa ranar da za ka ga kare guda ɗaya tak. Kuma ƙananan karnuka su aka fi rububi a kansu, don sun fi sauƙin zama a ƙaramin gida kuma masu gidajen haya sun fi yarda da su, to za ka iya cike fom kan kare huɗu ko biyar a jere ana ce maka an riga an bayar. Abin na da ciwo, ni sau biyu aka hana ni kafin na samu, na biyun ma har na fara tanadin wurin kwanansa. 'Yan ƙungiyar masu sa kai ne, suna da nasu aikin da iyali, amsa na iya ɗaukar kwanaki. In kai mai gajen haƙuri ne wannan hanyar za ta gwada ka.

Maganar lafiya nan ne nake so in daɗe kaɗan, don ƙananan karnuka suna da nasu matsalolin da mutane basa tunani. Na farko haƙori. Babban kare da ƙarami duk haƙora 42 suke da su in sun girma, to ka ga a ɗan bakin nan cunkushe suke, datti na maƙalewa, dasashi ya kumbura, haƙori ya fara girgiɗi, kuma karen da aka ceto mai shekara biyar ko fi da wuya ka samu bakinsa lafiya ƙalau. Wanke haƙori a asibiti sai an sa masa maganin barci, in akwai na cirewa a cire, kuma wannan na daga cikin manyan kashe kuɗin shekarar farko, ya kan fi abin da ka bayar wajen ɗaukarsa ma. Na biyu ƙoƙon gwiwa da ke gocewa, za ka ga yana gudu sai ya ɗaga ƙafar baya ɗaya ya yi ɗingishi taku biyu uku sannan ya sauke kamar ba komai. Na uku maƙogwaro, irin su Yorkshire terrier da Pomeranian da Chihuahua bututun numfashinsu kan yi laushi ya lotsa, su riƙa wani busasshen tari kamar kukan agwagwa, shi yasa ake ce a ɗaura musu igiya a ɗamarar ƙirji maimakon abin wuya. Akwai ciwon zuciya da ke kama su in sun manyanta, karnukan jinsin Cavalier King Charles sun yi suna a kansa. Dachshund mai dogon baya da gajerun ƙafafu matsalarsa ƙashin baya ne, tsalle daga kan gado kaɗai na iya jawo masa ciwon da zai kai ga shanyewar ƙafafu. Masu bajajjen hanci kuma irin su pug da French bulldog numfashi ke basu wahala, zafi na iya kashe su cikin ɗan lokaci.

Me ya haɗa wannan da zaɓinka? Yawancin waɗannan abubuwan a zaman yau da gobe ake lura da su. Tarin da ke zuwa ƙarfe uku na dare, ɗingishin da ke zuwa sau ɗaya a rana, yadda yake tauna da gefe ɗaya na baki, wanda ke kwana ɗaki ɗaya da shi ne zai gani. A nan gidan riƙo ya yi gaba. Haka kuma cututtuka masu yaɗuwa, tarin keji da parvo, cutar amai da zawo mai tsanani, da sauransu sun fi saurin bazuwa inda aka tara karnuka da yawa, karen da ya yi wata guda a gidan mutum in da wani abu da ya kwaso galibi da tuni ya bayyana. Amma ta wani ɓangaren manyan matsugunai da yawa suna da likitansu a wurin, ana duba kowane kare da ya shigo, ƙaramar ƙungiyar riƙo kuwa wata tana iya bakin ƙoƙarinta ne da ɗan abin da aka tara mata, ƙila allura kawai aka yi ba a duba zuciya ko haƙori da kyau ba. Don haka ko ta ina ka bi, takarda za ka nema a hannu: allurar haukan kare da ranar da aka yi ta, allurar parvo da ta distempa, wata cutar karnuka mai yaɗuwa, maganin tsutsar ciki da na ƙuma da kaska, ko an yi masa fiɗiya ko an cire wa macen mahaifa, da lambar cip ɗin da ake sa musu ƙarƙashin fata, ɗan abu ne kamar ƙwayar shinkafa. Ka tabbata an mayar da rijistar cip ɗin da sunanka da lambar wayarka, mutane da yawa na mantawa da wannan, kuma cip mai ɗauke da lambar da bata aiki ba zai dawo maka da kare ba. Wasu ƙasashen sa cip doka ce ma, a Ingila tun 2016 ya zama dole. Sannan cikin satin farko ka kai shi wurin likitan da kai ka zaɓa ya duba shi daga kai har wutsiya.

In kwikwiyo kake nema kuwa to ni a nan ba na ma jayayya, gidan riƙo. Daga sati uku zuwa wajen sati goma sha huɗu shi ne lokacin da kwikwiyo ke koyon abin da zai saba da shi da abin da zai ji tsoro har tsufansa, wanda ya yi wannan lokacin a gida yana jin ƙarar talabijin da injin wanki da muryoyin mutane ya fi wanda ya yi shi a keji nesa ba kusa ba, ga shi kuma allurarsa bata cika ba sai wajen sati goma sha shida, parvo kuwa kwiyakwiyi ta fi kashewa. Kada ka karɓi wanda bai kai sati takwas ba ko da an matsa maka. Kuma 'yan ƙananan jinsi sukarin jininsu na saurin faɗuwa in sun daɗe basu ci ba, sai an riƙa basu kaɗan kaɗan sau da yawa, aiki ne na wanda ke gida.

Akwai abin da ke damuna a rai kuma ba zan ɓoye ba. Karen da ke gidan riƙo ya riga ya samu katifa da mai shafa masa kai. Na cikin keji shi ya fi buƙata, kuma a wuraren da matsugunai ke cika maƙil akwai waɗanda ake kashewa don babu wuri, duk da cewa ƙananan basu cika daɗewa ba kamar manya. Wannan hujja ce mai nauyi, na san mutanen da saboda ita kaɗai basa zuwa ko'ina sai matsuguni kuma ina girmama su. Abin da ke kwantar min da hankali shi ne duk karen da ka ɗauka daga gidan riƙo ka buɗe gurbi kenan, mai riƙon zai je ya ɗauko wani, sau da yawa daga matsugunin nan dai. Sannan mayar da kare bayan wata biyu saboda bai dace da gidanka ba ya fi komai ɓata masa rai, karen da aka riga aka yasar sau ɗaya ana sake yasar da shi. Waɗannan 'yan ƙananan suna kai shekara goma sha biyu zuwa sha shida, wasu su wuce, zama ne mai tsawo.

Sai kuma masu damfara, don sun gano kalmar “ceto” tana taɓa zuciya. Za ka ga hoto a intanet, kwikwiyo kyakkyawa na jinsi mai tsada, ana cewa a gidan riƙo yake, a turo kuɗin mota a kawo maka. Ko kuma masu hayayyafar karnuka a ƙazamin wuri su ajiye su a gidan wani don ya yi kama da riƙo. Irin wannan cinikin ta hannun dillalai ne Ingila ta hana a 2020 ga kwiyakwiyin da basu kai wata shida ba. Alamar mai sauƙi ce: wanda bai tambaye ka komai game da gidanka ba, kullum yana da kwiyakwiyi na jinsin da ake yayi, yana so ku haɗu a bakin hanya, yana gaggawar kuɗi kafin ka ga dabbar da idonka, ka bar shi. Ƙungiyar gaskiya tana da yarjejeniya a rubuce kuma a ciki za ka ga sharaɗin cewa in ka kasa riƙewa su za ka mayar wa. A wannan fannin matsuguni sananne mai gini da ofis ya fi ba da kwanciyar hankali.

Masu ƙananan yara, ku ji wannan da kyau. Kare mai kilo uku in ya faɗo daga hannun yaro ko daga kan kujera ƙafarsa na iya karyewa, kuma shi ma ya san ba shi da ƙarfi shi yasa yake saurin kai cizo in an matse shi. Ƙungiyoyi da yawa basa ba da 'yan mitsi mitsin nan ga gidan da ke da ɗan yaye, kada ku ji haushi. In kun dage to ku nemi wanda ya ɗan fi jiki, mai kilo bakwai ko takwas, wanda aka riƙe a gidan da ke da yara sa'annin naku. Wannan bayanin a gidan riƙo aka fi samunsa.

To wa ya kamata ya bi ina? In wannan ne karenka na farko, ko akwai yara ko kyanwa ko wani kare a gidan, ko bangonka ɗaya da maƙwabta haushi zai zama rigima, ko kana ɗauko wa dattijo ne abokin zama, ka bi gidan riƙo ka jure jiran. In ka saba da karnuka, kana da lokaci a gida na watannin farko, ba yaro ba wata dabba, kuma duk halin da ya fito da shi za ka iya zama da shi ka gyara a hankali, je matsuguni, can aka fi buƙatarka, ka kuma duba tsofaffin da kowa ke wucewa. Wasu wuraren ma suna barin ka fara riƙe kare na sati biyu ko fi kafin ka sa hannu, in akwai wannan damar ka karɓa, ta haɗa amfanin hanyoyin biyu.

Ko ta ina ya zo, masu ceto suna da wata magana ta kwana uku, sati uku, wata uku: kwana ukun farko a ruɗe yake ƙila ma ya ƙi cin abinci, a sati uku ya fara gane tsarin gidan halinsa na fitowa, a wata uku ya san nan ne gida. Ba lissafi bane daidai, tawa sai da ta kusa wata biyar kafin ta hau cinyata da kanta. Kwanakin farkon nan ne suka fi gudu su ɓace, kuma ɗan ƙaramin kare na bi ta ramin da ba za ka taɓa zato ba, don haka ka toshe ƙasan ƙofa da shinge tun kafin ya iso, kada ka cire masa igiya a waje, ka hana baƙi tururuwar zuwa kallonsa. Ranar ɗauka ka tafi da akwatin ɗaukar dabba da ɗamarar ƙirji daidai jikinsa, ka roƙi mai riƙon ya haɗa maka da bargon da yake kwana a kai ba tare da an wanke ba, da abincin da ya saba na kwana bakwai ko goma don ka canza masa a hankali cikinsa kada ya ɓaci, sannan ka tambaye shi ko za ka iya kiransa in wani abu ya ɗaure maka kai. Matar da ta riƙe tawa na kira ta a dare na biyu don karyar ta ƙi shan ruwa, ta ce in canza kwanon ƙarfen da na roba, ƙarar da tambarin wuyanta ke yi a jikin kwanon ne ke firgita ta. Na canza, ta sha.